Ranar da Rabi'u Ya Je Fatsa

Rabi'u ya kusa shekara ashirin a Jidda, amma ƙafarsa ba ta taɓa shiga ruwan teku ba. Umra ya zo yi yana saurayi, bizarsa ta ƙare, ya zauna kamar yadda da yawa suka zauna. Ɗinkin abaya yake yi a wani ɗaki da ke bayan shago a Balad, ɗakin da ba shi da taga sai fanka. Mai shagon ya miƙo yadi ta ƙofar baya, ya karɓi ɗinki ta ƙofar baya. In ya tashi aiki sai Mahjar, inda yake haya da matarsa Mastura da 'yarsu Zubaidatu. Wannan hanyar ya sani, ya kuma san kowane lungu da zai faɗa in ya hango motar sintiri. Ba shi da iƙama, ba shi da kafili.

Mastura haifaffiyar Jidda ce, iyayenta Hausawan Sudan ne, kuma tana da takardunta a ƙarƙashin na mahaifinta. Zubaidatu kuwa, mai shekara goma sha biyu, ba ta da takardar ko'ina. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta amsa, da Larabci take amsawa.

A hutun ƙarshen shekara ƙanwarsa Khairiyya ta zo daga Zariya, ita da mijinta Zaharadden da 'yarsu Hikima. Sun yi umra, sun ziyarci Madina, suka ware sauran kwanakin don hutawa a Jidda. Suka kama gida mai kayan ɗaki a Safa, Zaharadden ya ɗauki hayar mota. Rabon Rabi'u da Khairiyya tun tana 'yar sakandare, yanzu ga ta ma'aikaciyar jinya da 'ya budurwa. Ranar da suka fara haɗuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon furfurar gemunsa, ta kasa gaishe shi, sai kuka.

Zaharadden malamin kwaleji ne, mutumin Yawuri, mai fara'a da yawan zance. A bakin kogi ya girma, kuma tun kafin su baro gida yake maganar kifin Bahar Maliya. Wata ranar Alhamis da suka zo cin abinci Mahjar, ya shigo da sandunan fatsa biyu sababbi a cikin leda, ya jingina su da bango.

"Yaya Rabi'u, gobe bakin ruwa za mu, mu duka. Na tambaya, an ce akwai wuri can kudu da gari, ba cunkoso, ruwan kamar gilashi."

Rabi'u ya yi murmushi. "Ku dai ku je. Ina da ɗinki a hannu."

"Ranar Juma'a?"

Mastura ta ajiye tiren shayi. "La, la. Abu Zubaida ba ya fita nesa. Kun san halin da ake ciki."

"Haba, Anti Mastura," in ji Zaharadden. "Mota cike da mata da yara, wa zai tsayar da ita? Da asuba za mu fita, kafin azahar mun dawo."

Zubaidatu na zaune a ƙasa kusa da Hikima. Ta ce wani abu da Larabci, sannan saboda baƙi ta daure ta sake faɗa da Hausa, tana tsintar kalmomin ɗaya ɗaya. "Abuya, Hikima ta zo daga nesa, za ta ga bahar da babanta. Ni ina nan. Ban taɓa zuwa da kai ba."

Ɗakin ya yi shiru. Mastura ta zuba masa ido tana girgiza kai a hankali. Rabi'u ya kauce wa idon nata, ya ɗauki kofin shayi.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."

Suka fita bayan sallar asuba. Rabi'u na gaba kusa da Zaharadden, idonsa na kan titi, hannunsa riƙe da marfin mota ba tare da ya sani ba. Suka wuce rumbunan kaya da jerin tireloli, gidaje suka ƙare, sai fili da yashi. Duk motar da ya hango a tsaye gefen hanya sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Babu wanda ya tsayar da su. Zaharadden na ta ba da labarin wani giwan ruwa da ya kama yana yaro, Hikima na cewa kullum kifin ƙara girma yake yi.

Wurin kamar yadda aka faɗa ne. Yashi fari, ruwa garau, kana ganin ƙasansa. Ruwan ba shi da zurfi har can nesa, inda launinsa ya canja ya koma shuɗi mai duhu, igiyoyin ruwa na fashewa a kan layin. Akwai motoci jifa-jifa, kowane iyali da tabarmarsa. Mata suka shimfiɗa darduma a inuwar mota, Mastura ta buɗe kwanon ful da burodin tamis. 'Yan matan suka cire takalma suka ruga bakin ruwa suna ihu.

Zaharadden ya haɗa fatsar, ya ɗaura 'yar darma da ƙugiya, ya soka jatan lande a matsayin koto. Ya nuna wa Rabi'u yadda zai riƙe zaren da yatsa, ya kai sandar baya, ya saki. Jifan farko na Rabi'u ƙugiya ta kama bayan jallabiyarsa. Zubaidatu ta yi dariya har ta durƙusa a yashi, shi ma ya yi dariya. A jifa na uku zaren ya tafi sosai. Ba da daɗewa ba ya ji an fizga, ya naɗo, sai ga ɗan kifi mai ratsi, bai kai tafin hannu ba. Zubaidatu ta karɓe shi da hannu biyu ta kai wa uwarta kamar an kamo sa.

"Ƙananan ne a nan," in ji Zaharadden. "Manyan suna can bakin zurfi. Bari in duba hanya." Ya naɗe wandonsa ya shiga ruwa.

Khairiyya ta taso ta tsaya kusa da yayanta. Ta daɗe tana kallon zaren kafin ta yi magana.

"Yaya, Inna ta ba ni saƙo. Tun da muka sauka nake juya shi a baki."

"Ina jin ki."

"Idonta ya tafi. Na hagu gaba ɗaya, na dama sai inuwa-inuwa. Ta hana a faɗa maka a waya. In namiji ya yi sallama a zaure, sai ta ce, Rabi'u ne? Ta ce in gaya maka ba ta yi fushi da kai ba. Amma ka zo ta taɓa ka tun tana da sauran numfashi."

Rabi'u ya naɗo zaren, koton ya tafi. Ya tsaya da ƙugiyar a hannu.

"Khairiyya, ƙofa ɗaya gare ni ta fita ƙasar nan. In kai kaina, a ɗauki hoton yatsuna, a sa ni a jirgi. Daga nan halas, ba dawowa." Ya nuna Zubaidatu da haɓa. "Waccan fa? Da wane suna za ta hau jirgi? A takarda ba a haife ta ba."

"To haka za ka zauna? Har yaushe?"

"Kowace shekara ina cewa baɗi."

"Inna ba ta da baɗi da yawa, Yaya."

Bai amsa ba. Zaharadden na ɗaga masa hannu daga cikin ruwa, yana kiransa. Rabi'u ya cusa ledar koto a aljihu, ya ɗaure jallabiyarsa a ƙugu, ya shiga, don ya fi masa sauƙi a kan ya tsaya a gaban idon ƙanwarsa.

Ruwan na da ɗumi. Ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai cinya. Ƙasan ba yashi ba ne kuma, dutsen murjani ne mai kaushi, ramuka nan da can. A tsakiyar hanya akwai wani kwari mai duhu da ya ratsa, Zaharadden ya nuna masa ya ce su zagaye shi, ya fi tsayin mutum. Suka zagaye. Da suka isa kusa da layin shuɗin ruwa, ruwan na ƙugu.

Rabi'u ya tsaya ya duba gabansa. Ba bango, ba gini, ba mutum, sai ruwa har inda ido ya ƙare, da wani jirgin kaya can nesa kamar ba ya motsi. Ya ja numfashi ya cika ƙirjinsa.

"Ashe haka yake," ya ce.

"Ka ga abin da kake bari yana wuce ka," in ji Zaharadden, ya yi jifa.

Sun ɗan jima a nan. Zaharadden ya kama kifi biyu masu jan baki, ya zura su a igiya ya ɗaura a ƙugu. Rabi'u ya juya don ya ga ko Zubaidatu na kallo, sai ya ga motar. Fara ce mai ratsi, da fitila a kanta. Ta sauko daga titi a hankali ta tsaya a bakin motar farko. Mutum biyu masu kaki suka fito.

"Zaharadden."

Muryar kawai ta isa. Zaharadden ya juya, fara'ar ta bar fuskarsa.

"Ka tsaya nan," ya ce. "Fasfo ɗinmu na cikin mota. Zan je in nuna musu, su wuce. Ka juya baya ka ci gaba da fatsa, kamar ba komai."

Ya tafi yana ratsa ruwa. Rabi'u ya juya baya ya yi jifa, hannunsa na rawa. Ya ƙirga a ransa cewa ba za su daɗe ba. Za su duba motoci, su hau titi, su tafi.

Ba su tafi ba. Duk lokacin da ya saci kallo ta kafaɗa, suna nan. Sun bi motocin ɗaya bayan ɗaya, suna magana da mutane, suna nuna teku. Sun iso ga dardumar iyalinsa. Ya ga Zaharadden yana miƙa musu wani abu, yana ta magana da hannu. Ya ga Mastura a tsaye ƙiƙam. Sai ya ga an zuba musu shayi. Ya gane dabarar surukinsa: so yake ya ɗauke hankalinsu daga ruwa. Amma shayin ne kuma ya zaunar da su.

Rana ta yi sama. Gishiri ya bushe a leɓensa, ƙishirwa ta kama shi. Iska ta taso daga arewa, da farko kaɗan-kaɗan, sannan ta fara kaɗa jallabiyarsa. Igiyoyin da ɗazu ke fashewa can gaba suka fara isowa gare shi, kowace ta ɗaga shi kaɗan ta ajiye. Ruwan da ke ƙugu yana taɓa ƙirji in ta zo. Rabi'u bai iya iyo ba. Taki kaɗan a gabansa dutsen ya ƙare, sai zurfin da ba a ganin ƙasansa. A bayansa ga masu kaki. Dama da hagu bakin ruwa ne fetal, ko itace babu.

Can arewa ya hango tarin duwatsu da aka jibge a gaɓa. Ya ce a ransa, in ya bi bakin zurfin a hankali har can, zai fito a bayansu ya zauna, Zaharadden ya zo ya ɗauke shi daga baya. Ya fara matsawa a gicciye, yana laluben dutse da ƙafa, sandar na hannunsa don a ga kamar kifi yake bi.

Wata igiyar ruwa ta buge shi a kafaɗa, silifarsa ta dama ta kuɓuce. Ya kai ƙafar ƙasa da ƙarfi don kada ya faɗi, sai ya ji kamar an soka masa allurai masu wuta a tafin ƙafa. Ya yi ƙara. Ta cikin ruwa ya gan ta a ramin dutse, baƙar ƙwallo mai dogayen ƙayoyi kamar bushiya, wasu ƙayoyin sun kakkarye a ƙafarsa. Ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dogara sandar fatsa. Zafin ya hau har ƙugunsa. Ya gwada takawa, ya kasa.

Sai lasifikar motar ta yi magana da Larabci. Iska na ƙaruwa, duk wanda ke cikin ruwa ya fito. Aka maimaita. Masu fatsa biyu da ke can kudu da shi suka naɗe zarensu suka nufi gaɓa. Yaran da ke wasa a gefe aka janye su. Teku duka ta zama ba kowa sai shi.

Aka sake kira, wannan karon shi kaɗai ake nufi. "Mai farar riga, ka fito. Ka fito, ya Hajji."

Ya ƙi juyawa. Ya san ba dabara ba ce, ya san ba za su tafi su bar mutum a cikin ruwa ba. Amma ƙafafunsa da suka saba gudu sun ƙi nufar wajen kaki. Ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya ce, ya Allah, a kira su wani wuri. Ya Allah, ko sau ɗaya.

Wata igiyar ta fi ta baya. Ta kai shi ƙasa a kan gwiwa, ruwa ya rufe kansa, ya taso yana tari, sandar ta tafi. Da ya share idonsa sai ya ga wani abu rawaya ya balle daga cikin mutane a gaɓa. Rigar Zubaidatu ce. Mastura ta kai hannu ta kama iska. Yarinyar na gudu cikin ruwa, tana faɗuwa tana tashi, miƙe take zuwa gare shi, ba ta san da kwarin nan ba.

"Koma!" ya yi ihu. "Zubaida, irja'i! Koma!"

Iska ta kwashe muryar. Ya ga ruwa ya kai mata ƙirji, ya ga ta ƙara taki ɗaya, sai bai gan ta ba.

Bai san yadda ya taka ƙafar ba. Ya dai san yana gudu, yana faɗuwa, murjani na yankar gwiwarsa da tafin hannunsa. Ya isa bakin kwarin ya ga rawayan a ƙarƙashin ruwa, hannu ɗaya a sama. Ya kwanta a kan dutsen ya miƙa hannu, ya kama gyalenta, gyalen ya zo shi kaɗai. Ya sake miƙawa har kansa ya nutse, ya kama gashinta, ya ja. Ta fito da nauyi, idonta a rufe. Ya rungume ta ya yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafar ta ƙi.

Wani ya kama shi ta hammata. Ƙaramin jami'in ne, ya shigo da takalminsa da kakinsa, ruwa har ƙirji. Bai ce komai ba, ya saɓa yarinyar a kafaɗa, ya riƙe Rabi'u da ɗaya hannun. Zaharadden ya tarye su a hanya ya tallafe shi ta ɗaya gefen. Haka suka fito.

Khairiyya ta karɓi Zubaidatu, ta kwantar da ita a gefe, ta buɗe mata baki, tana bubbuga bayanta tana kiran sunanta. Mastura na durƙushe tana salati, Hikima na kuka. Sai yarinyar ta yi tari, ta amayo ruwa, ta sake yi, ta buɗe ido ta fashe da kuka. Khairiyya ta ce, "Alhamdu lillahi. Ku ba ta wuri ta sha iska."

Rabi'u na zaune a yashi, jini na bin gwiwarsa. Babban jami'in, mai furfura a gashin baki, ya ce wa ƙaramin, "Nayef, kawo akwatin magani." Ya tsuguna da kansa ya duba tafin ƙafar, ya girgiza kai, ya ce wannan sai likita, kada a tona da allura. Ya wanke raunin gwiwa ya ɗaure. Ya ba shi ruwa ya sha. Sannan ya dube shi.

"Me ya sa ba ka fito ba da aka kira?"

Rabi'u ya sunkuyar da kai. Jami'in ya jira. Da ya ga ba amsa, sai ya yi ajiyar zuciya, ya miƙo hannu.

"Iƙama, ya Hajji."

Mastura ta miƙe ta fara magana da Larabcin 'yan gari, da sauri, tana roƙo, tana haɗa shi da Allah, tana nuna yarinyar. Zaharadden ya sa baki da nasa Larabcin na littafi, yana cewa laifinsa ne, shi ya matsa, yayan matarsa ne, mutumin kirki ne. Rabi'u ya ɗaga musu hannu suka yi shiru.

"Ma fi," ya ce. "Babu."

Jami'in ya gyaɗa kai kamar wanda dama ya sani. Ya ce ba zai iya barinsa ba, amma ba gaggawa, ya zauna har yarinyar ta dawo hayyacinta. Suka koma jikin motarsu suka tsaya, suka ba su baya.

Rabi'u ya ja jiki zuwa darduma. Zubaidatu na lulluɓe da mayafin uwarta, tana rawar sanyi. Ta kama jiƙaƙƙiyar rigarsa ta dunƙule a hannu.

"Abuya, ka faɗi. Na ga ka faɗi."

"Na sani. Ga ni, ba abin da ya same ni."

Ya gaya wa Mastura inda abayoyin da bai gama ba suke, a mayar wa mai shago. Ta ce, "Wannan ne ya dame ka yanzu?" sai ta toshe bakinta da hannu. Khairiyya ta durƙusa a gabansa tana cewa, "Yaya, ba haka na so ba. Wallahi ba haka na so ba." Ya ce ya sani. Zaharadden ya kasa haɗa ido da shi. Kifayen nan biyu na nan ɗaure a ƙugunsa, ya manta da su.

Da lokaci ya yi, sai da Mastura da Khairiyya suka haɗu suka ɓamɓare yatsun Zubaidatu daga rigar. Nayef ya riƙe shi har mota, yana ɗingishi. Ta gilashin baya ya ga yarinyar na fizge-fizge a hannun uwarta har motar ta hau titi.

A wurin da ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, wanda kowa ke kira tarhil, wani ma'aikacin jinya ya ciro ƙayoyin da ke ciruwa, ya ce sauran za su narke da kansu. Aka ɗauki hoton yatsunsa. Ya tarar da Hausawa da yawa a ɗakin, kowa da inda aka kama shi: wani a kasuwa, wani a wurin gini, wani a ƙofar masallaci. Da ya ce shi a fatsa ne, sai da aka yi dariya. Zaharadden ya ɗaga ranar tafiyarsu, ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, ba abin da ya canja. Hutunsu ya ƙare, suka tafi. Mastura ta aiko masa da kaya kala biyu da takalmi. Bayan makonni aka kira sunansa, aka sa su a bas zuwa filin jirgi.

Ya sauka Kano da leda ɗaya a hannu. Zaharadden ne ya zo tarbarsa, suka yi hanyar Zariya kusan ba magana. A Kwanar Ɗangora Zaharadden ya tsayar da mota gefe, ya kifa kansa a sitiyari, ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Rabi'u ya ce, "Da ƙafata na shiga motar. Ja mu tafi."

Inna na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ƙanƙance fiye da yadda ya zata. Ya durƙusa a gabanta. Ta kai hannu biyu ta shafa goshinsa, da kuncinsa, da gemunsa, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Ka tsufa." Sannan ta ce, "Ina jikata?" Ya ce tana can. Inna ta yi shiru, hannunta na kan kansa.

Unguwa ta cika gidan kwana da kwanaki. Ana ta barka da dawowa, ana kiransa Alhaji, ana tambayar tsaraba cikin raha. Yana amsawa, yana murmushi, wayarsa na hannu.

Mastura na kira kullum. Ta ce yayanta Othman ya je ya tambayi yadda za a samo wa Zubaidatu takardar tafiya, an ce a dawo bayan salla. Ta ce mahaifinta ya ce ba zai saki 'yarsa ta tafi ƙasar da ba ta taɓa gani ba, amma tana lallaɓa shi. Zubaidatu kuwa ta ƙi karɓar waya. Ba ta cin abinci sosai. Ta ce da ba ta shiga ruwa ba, da ba a kama shi ba.

Sai da damina ta kawo jiki sannan ta yarda. Wata ranar la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, wayar ta yi ƙara, ya ga fuskarta a gilashin. Ta rame. Ta ƙi kallonsa.

"Zubaida, ki saurare ni. Ko ba ki shigo ba, ba inda za ni. Ƙafata ta riga ta lalace, ruwa na tasowa. Da ba ki sa na taso ba, da a can zan nutse. Kin ji?"

Ta share hanci da bayan hannu. "Wallah?"

"Wallahi."

Ta ɗago ta dube shi a karon farko. "Yaushe zan zo, Abuya?"

Ya buɗe baki zai ce kwanan nan, sai ya fasa. "Ban sani ba," ya ce. "Amma kullum ina kan maganar. Ba zan bari ba."

Ta fara faɗin wani abu, fuskarta ta tsaya cak a gilashin, muryar ta yanke. Iska ta bugo ƙofar zaure, aka ɗauke wuta, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ya sake kira, bai shiga ba. Daga ɗaki Inna ta ce rufin na yoyo a kan gadonta. Ya shiga ya ja gadon gefe, ya tara roba a ƙarƙashin ɗigon, ya gyara mata lulluɓi. Sannan ya dawo bakin ƙofa ya zauna, tsakar gida na cika da ruwa, yana danna lambar yana jira.